Wai jan giyar inabi na gyara zuciya?

Sani: Assalamu alaikum. Kawu, wani abokin aikina a Plateau ya nace mini cewa kofi ɗaya na jan giyar inabi, irin Cabernet Sauvignon, yana kare zuciya, har ya ce in gaya wa Baba saboda hawan jininsa. Raina bai yarda ba, amma na rasa amsar ba shi.

Kawu Habu: Wa alaikumus salam, ɗana. An taɓa tambayar Manzon Allah (SAW) game da yin magani da giya, ya ce ba magani ba ce, cuta ce. Hadisin na cikin Sahihu Muslim. Kada wannan zance ya kai kunnen yayana.

Musa: Kawu, a gafarce ni, ba na jayayya da hukunci. Sai dai mutumin bai ƙirƙiri zancen ba. Lokacin karatuna a birnin Bordo na ƙasar Faransa na ga gonakin wannan inabi a yankin Medok. 'Ya'yansa ƙanana ne, baƙi-baƙi, ɓawonsu da kauri, ga ƙwallaye cike da baki in ka tauna. Ruwan cikinsa ma ba ja ba ne, sai an jiƙa shi da ɓawon yake rinewa. A ɓawon nan akwai sinadarin resberatirol da masana suka daɗe suna nazarin ko yana amfanar zuciya.

Ramatu: Yaya Musa, mu da ke asibiti mun san tushen wannan zance. A 1991 aka watsa ra'ayin wani masanin kimiyya Bafaranshe, Serge Renaud, a talbijin ɗin Amurka, cewa Faransawa na cin maiƙo amma ciwon zuciya bai cika kama su ba, aka jingina abin ga jan giya. Daga baya aka gano kuskure a binciken da ke kwatanta masu sha da marasa sha: cikin waɗanda aka lissafa a "marasa sha" har da mutanen da rashin lafiya ta sa suka daina. Dole masu sha su fito kamar sun fi lafiya! Sinadarin kuwa ɗan mitsitsi ne a kofi. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da ba ya cutarwa, kuma tana cikin abubuwan da ke jawo kansa. Hawan jini ma ƙara shi take yi.

Musa: Na ji, ƙanwata. Amma a ce babu amfani ko kaɗan, nan ne ban gamsu ba.

Kawu Habu: Ai Alƙur'ani bai ce babu ba. Duba Baƙara, aya ta 219: akwai zunubi babba da wasu amfanoni ga mutane, amma zunubin ya fi girma. Inabin kansa halal ne, ka ci, ka ci zabibi.

Ramatu: Sani, abin da ke damuna daban ne. Baba na tsallake ƙwayoyinsa duk ranar da ya ji sauƙi, kuma Inna ba ta rage gishiri da dunƙulen magi a miya ba. Ka kawo shi ranar Litinin in auna shi.

Sani: In sha Allahu da safe za mu zo, Yaya.