Ina zan koyi ilimin yanayi da guguwa da teku a intanet?

Malamar Jogirafi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da jogirafi a sakandare, kuma a wannan zangon darasin yanayi ya faɗo a kaina. Littafin da muke aiki da shi bai ba guguwa da teku wani wuri na kirki ba, ga yara sun ga hotunan tauraron ɗan'adam a waya sun dame ni da tambaya. Me ya sa mahaukaciyar guguwa take juyawa? Me ya sa a kan teku take tasowa, in ta hau tudu kuma sai ƙarfinta ya ragu? Ba manhajar da za ta ce mini gobe za a yi ruwa nake nema ba, wannan kowa na da ita. Dalilin abin nake so in gane, ta yadda in na tsaya gaban allo zan yi bayani da yaƙini. Wanda ya san shafi mai inganci, na kyauta, ya taimaka mini.

Mai Duban Gajimare:

Wa alaikumus salam Malama. Ki fara da JetStream, makarantar yanayi ce ta intanet da NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, ta tanada. Ki bi darussan daki-daki, kada ki yi tsalle zuwa babin guguwa don shi ya fi jan hankali. Sai kin gane matsin iska da yadda tururi ke tashi ya zama gajimare sannan sauran zai zauna miki.

Amsar tambayar yaranki tana can, amma ga ta a taƙaice. Guguwar tana cin abincinta ne daga ruwan teku mai ɗumi, wanda zafinsa ya kai wajen 26.5 a ma'aunin Celsius. Tururi ya tashi, ya zama gajimare, ya saki zafin da ya ɗauko, zafin nan ya ƙara tura iska sama, sabuwar iska ta kwararo ta ƙasa don cike gurbi. Da zarar ta hau tudu, an yanke mata wannan abincin. Juyawar kuwa daga juyawar duniya take, ita ke karkatar da iskar da ke kwararowa tsakiya. Shi ya sa a arewacin layin ikwaita take juyawa saɓanin hannun agogo, a kudu ta bi hannun agogo, dab da layin kuwa da wuya ta tashi.

Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba ki riƙa leƙa shafin National Hurricane Center, cibiyar sa ido kan guguwa ta Amurka da ke Miami, lokacin guguwar Tekun Atilantika ke nan. Za ki ga yadda suke bin kowace tun tana tarin hadari har iskarta ta kai kilomita 119 a awa ta shiga mataki na 1 cikin matakai 5 na ma'aunin Saffir-Simpson. Ga gajimare kuma, akwai kundin hotuna na Hukumar Yanayi ta Duniya, International Cloud Atlas, da ya raba su gida 10.

Tsohon Matuƙi:

'Yar'uwa, abin da ɗan'uwa ya ba ki karatu ne, ni kuma zan ba ki abin kallo. Ki buɗe Windy ko earth.nullschool.net a gaban yara. Iskar duniya gaba ɗaya za su gani tana gudana a kan taswira, da igiyoyin ruwan teku da zafinsa. Yaron da ya ga haka ba zai ƙara ɗaukar iska a matsayin kibiya da aka zana a littafi ba.

Amma ki riƙe wannan da kyau, domin shi ne abin da ya fi damuna da masu amfani da shafukan nan. Abin da suke nunawa lissafin kwamfuta ne, ba hoton abin da ke faruwa ba. A Windy za ki iya sauya tsakanin lissafin ECMWF na Turai da GFS na Amurka. Ki zaɓi wuri ɗaya, ki duba abin da kowanne ya ce game da gobe, sannan ki matsa zuwa mako mai zuwa. Na gobe za su yi kusa da juna, na mako kuwa sau da yawa kowa ya kama gabansa. A ganina wannan gwajin ya fi kowane darasi koya wa yaro mene ne hasashe. Mu da muka yi aiki a kan ruwa ba ma ɗaukar taswira mai launi mu rufe ido.

In ainihin hoto kike so, ki je NASA Worldview, ko EUMETView na hukumar EUMETSAT, ta Turai, mai taurarin ɗan'adam na Meteosat da ke can sama wajen kilomita 36,000 suna kallon gefe ɗaya na duniya dare da rana.

Malamar Jogirafi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na buɗe JetStream, bayanin ya fita sarai, sai dai misalansa na Amurka ne, ga mil ga Fahrenheit, ga dusar ƙanƙara. Akwai wanda ya fi mai da hankali kan ƙasashe masu zafi? Teku kuma har yanzu ban samu wurin kamawa ba.

Ɗalibar Kimiyyar Teku:

Akwai, Malama. Ki yi rajista a MetEd, shafin shirin COMET mai horar da masana yanayi, kyauta ne. Suna da littafi sukutum a kan yanayin ƙasashe masu zafi. Don masu hasashen yanayi aka rubuta shi, Turancinsa da lissafinsa suna da nauyi, don haka ke za ki karanta ki tace wa yara.

Batun teku, ina ganin kada ki ware shi ya zama darasi na daban. Ya rufe kashi 71 cikin 100 na doron duniya, kuma shi ke shanye wajen kashi 90 na rarar zafin da ɗumamar yanayi ke tarawa, saboda haka duk maganar yanayi can take komawa. Ki karanta gajerun amsoshin Ocean Facts na NOAA, sannan ki nemi taswirar shirin Argo. Na'urori ne kusan 4,000 da ke yawo a tekunan duniya ba mai tuƙa su. Kowace takan nutse har mita 2,000, ta taso tana auna zafi da gishirin ruwa, ta aika wa tauraron ɗan'adam, ta maimaita duk kwana 10. Bayanan a buɗe suke ga kowa. Daga nan sai ki shiga El Niño, wato ɗumamar ruwan tsakiya da gabashin Tekun Pasifik da ke dawowa duk shekara 2 zuwa 7, wadda ke sauya ruwan sama a nahiyoyi masu nisa da ita. Ki koma nullschool ki zaɓi zafin saman teku, ki sa yara su kwatanta gabashin Pasifik da yammacinsa kafin ki faɗa musu sunan abin.