Gyaran injin babur mai ƙafa huɗu bayan fistin ya lalace

Abin da makanikai suka fi nanatawa shi ne, kada a sa sabon fistin kafin a gano abin da ya kashe tsohon. Ni ma nan na tsaya. A injin da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, galibi iska ce ke satar shiga ta sil ɗin karanshaf (robar da ke toshe kafa a gefen sandar da fistin ke juyawa), ko kafireta ta toshe, mai ya ƙaranta, zafi ya huda fistin.

A buɗe injin a wanke ɓarɓashin ƙarfe tas, kada ya ci boris. Silinda in ta karce, a faɗaɗa ta daidai da sabon fistin. Makanikai sun yi saɓani kan yawan baƙin man da za a gauraya da fetur, amma kowa ya yarda a tankin farko bayan gyara a tuƙa babur a hankali.