Fim ɗin majigi: a bar shi a 24 ko a tura shi 25?

Daga zauren masu ɗaukar hoto da editin na Kaduna

Sadiya Kabala: Salama alaikum. Na tsinci naɗin fim ɗin majigi na milimita 16 a akwatin marigayi Baba, hawan sallah ne, minti 20, har da sauti. Mai juya min shi zuwa bidiyo ya ce firem 24 ne a sakan, wato hotuna 24 ke wucewa duk sakan, zai tura shi 25, wai babu idon da zai gane. Haka ne?

Alhaji Ɗanladi: Gaskiya ya faɗa miki, 'yata. Wutarmu zagaye 50 take yi a sakan, shi ya sa talabijin ɗinmu ke kan tsarin PAL, firem 25. Tun da aka buɗe talabijin a garin nan a 1962, duk fim ɗin silima da aka haska haka ake ɗan hanzarta shi. Kashi 4 cikin 100 ne kawai. Wa ya taɓa ƙorafi?

Nura Tudun Wada: Alhaji, a gafarce ni, ido ne ba ya ganewa, kunne yana ji. In ka hanzarta hoto, sauti ma ya bi shi, murya ta ɗan ɗaga sama ta sirance. Na taɓa juya wa wani maroƙi waƙarsa haka, yana saurara ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro, wa ya ɗaure min kalangu haka?" Bai san firem ba, amma ya san kiɗansa. Minti 20 ɗinki kuma, Yaya, zai ragu da sakan 48.

Alhaji Ɗanladi: To a maimaita firem ɗaya duk sakan, tsawon ya zauna daidai.

Nura Tudun Wada: Wannan ya fi muni ga hawa. Doki na sukuwa, duk sakan sai ka ga ya yi tuntuɓe. Irin matsalar Amurka ke nan: nasu 29.97 ne, sai su rage fim zuwa 23.976, da yake kowane firem na talabijin rabi biyu ne, su shimfiɗa wani firem na fim a kan rabi biyu, na bayansa a kan rabi uku. Shi ya sa in kyamara na juyawa a hankali hoton ke ɗingishi.

Malama Rabi: Ni tambayata, Sadiya, a ina za a kalla? In a waya ne ko YouTube, duk suna ɗaukar 24 yadda yake.

Alhaji Ɗanladi: In gidan talabijin ya nema fa, Malama? 25 za su ce. Kuma manhajar yanzu tana mayar da murya mazauninta.

Malama Rabi: Sai a cire musu kwafi daga na asali, ranka ya daɗe. Ko an gyara muryar, kiɗan tambari na nan da saurinsa.

Sadiya Kabala: Muryar Baba na ciki, yana yi wa sarki jinjina. Ita nake so jikokinsa su ji. Zan ce ya kwafo firem-firem a 24.

Alhaji Ɗanladi: Allah ya jiƙansa. Amma ki turo duka biyun nan, ban yarda Nura zai bambance su ba.