The Crucible a bakin Hausa: maita za mu nuna ko siyasa?

Laminu:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta teyatur a nan Maradi tana son ta buga The Crucible na Arthur Miller da Hausa, don ƴan lise. Malamai, ta yaya ƴan kallo za su gane siyasar Amurka da ke ciki, kada su ɗauka wasan mayu ne kawai?

Malam Isufu:
Wa alaikumus salam. Laminu, ka fara raba zamanin biyu. Labarin na garin Salem ne a Amurka, a 1692, inda aka rataye mutum 19 bisa zargin maita, aka danne wani dattijo da duwatsu har ya cika. Amma wasan ya fito a 1953, lokacin da ake farautar ƴan kwaminis. A lokacin, wani kwamitin majalisar wakilan Amurka yakan kira mutum ya ce ya lissafa waɗanda ya gani a taron ƴan kwaminis. Elia Kazan, daraktan da ya ɗora wani wasan Miller, Death of a Salesman, a dandamali, ya ba da sunaye a 1952. Miller da aka kira shi a 1956 ya ƙi, aka same shi da laifin raina majalisa a 1957, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1958.

Don haka zuciyar wasan tana kashi na huɗu, inda Proctor, jarumin wasan, ya yarda ya amsa laifin maita amma ya ƙi ambaton kowa, daga baya ya yage takardar amsa laifin. Duk abin da za ku rage, wannan kada ku taɓa shi. Kuma kada mai gabatarwa ya ce McCarthy ne ya gurfanar da Miller. McCarthy, wanda ya shahara da farautar ƴan kwaminis, sanata ne, kwamitin kuwa na ɗaya majalisar ne.

Malama Zainabu:
Ni inda nake tsoro daban ne. A nan zargin maita ba tsohon tarihi ba ne, har yanzu akan ce tsohuwa ta kama kurwar yaro, a tilasta mata ta tsallaka shi. In ƴan matan da ke zargin mutane da maita a wasan suka yi faɗuwa da ihu kamar masu iska, rabin zauren zai gaskata su. Ku fito da wurin da Abigail, jagorar ƴan matan, ke tsoratar da ƙawayenta a kashi na farko, ƴan kallo su san ƙarya ce tun kafin a je kotu. Kada kuma ku cire maganar gonar da Putnam, wani attajirin garin, ke kwaɗayi, rikicin gona kowa ya san shi.

Malam Isufu:
Gaskiyarki, Malama. Sai yawan ƴan wasa: sun haura ashirin. Ku haɗe ƙananan alƙalai, ku bar babban alƙali Danforth da fasto Hale.

Habu:
In mutanenku ba su kai ba, ku duba A Raisin in the Sun na Lorraine Hansberry, 1959. Ɗaki ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Iyalin baƙar fata a Cikago suna jayayya kan dala 10,000 na inshorar mahaifinsu, uwar ta sayi gida a unguwar fararen fata, aka aiko wakili ya ba su kuɗi su fasa tarewa. Rabon gado ba ya buƙatar dogon bayani a Maradi, wariyar unguwa ce kawai za ku yi wa gabatarwar minti biyu.