Haƙƙin mallakar ƙirƙira da manhajar karanta rubutun ajami

Ɗalibi, Mabera: Assalamu alaikum malamai. Wanda zai gina manhajar da ke gane ajamin hannu a nan Sakkwato, haƙƙin mallakar kamfanonin waje zai iya tare masa hanya?

Injiniya, Runjin Sambo: Wa alaikumus salam. Da wuya, ƙanena. Haƙƙin yana aiki ne a ƙasar da aka yi masa rajista kawai, kuma shekara 20 ne daga ranar shigar da takarda. Dubi tsarin Unistrokes na kamfanin Xerox, inda ake rubuta kowane harafi da jan alƙalami guda: Amurka ta ba shi haƙƙi a 1997, Xerox ya maka kamfanin Palm a kotu kan tsarin rubutunsa mai suna Graffiti, aka sasanta a 2006 kan dala miliyan 22.5. Wa'adinsa ya daɗe da cika.

Malama, Gawon Nama: Ƙari a kan bayanin Injiniya: waɗancan dabaru suna bin motsin alƙalami a kan allo, wato inda ya fara da inda aka ɗaga shi. Takardun Cibiyar Waziri Junaidu, ma'adanar tsofaffin rubuce-rubuce ta Sakkwato, kuwa hoto kawai za ka samu, babu wannan bayanin. Sai ka fara raba tawada da takarda, ka yanka layi-layi, kada ka yanka harafi-harafi, domin haruffan a haɗe suke. Wurin da ake faɗuwa shi ne ɗigo. A rubutun warash ɗigon fa yana ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama, don haka manhajar da ta koyi rubutun gabas za ta karanta ƙaf a matsayin fa.

Injiniya: Haka ne, Malama. Kuma in ya samo sabuwar dabara, ya shigar da ita ofishin rajista na Abuja kafin ya wallafa ta, domin dokar haƙƙin ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 ta sharɗanta dabarar ta zama sabuwa.