Neman kalmar Hausa: me za mu kira maɓallin "sons réels" a manhajar rubuta kiɗa?

Salamu alaikum 'yan uwa mabusa da malaman fanfar (ƙungiyoyin busa da ganguna) na Garwa, Marwa da Ngaundere. Ina rubuta wa yaranmu bayanin MuseScore, manhajar rubuta kiɗa a kwamfuta, da Hausa, sai maɓalli ɗaya ya tsayar da ni. Faransawa suna cewa sons réels, mutanen Ingila kuma concert pitch.

Ga aikinsa. Do, Mi, Fa, La da Si sunayen amo ne a rubutun kiɗa. Mai torompet ta Si bemol in ya ga Do a takarda ya busa, abin da zai fito Si bemol ne, taki ɗaya ƙasa. Haka kalarinet ta Si bemol. Mai sakso alto kuwa Do ɗinsa Mi bemol yake fita, na mai kor (ƙahon ƙarfe mai naɗi) kuma Fa. Da gangan aka tsara haka, domin mai sakso ya ajiye alto ya ɗauki tenor, ya ci gaba da karatu da yatsun da ya saba. Wahalar tana kan mai shirya kiɗan, wanda yake zaune gaban piyano yana so ya san ko muryoyin sun dace. Da ya danna maɓallin, kowane layi zai koma nuna amon da ke fitowa, har alamomin diyez da bemol (masu ɗaga amo da masu sauke shi) na farkon layi su canza. Abin da kwamfuta ke kaɗawa ba ya canzawa, rubutun ne kawai. Wane suna za mu ba shi?

Daga Marwa: Wa alaikumus salam Malam. Me zai hana "sautin gaskiya"? Ai ma'anar Faransancin ke nan.

Ƙanina, na yi tunaninsa. Tsorona shi ne yaro ya ɗauka ɗaya rubutun ƙarya ne. Alhali shi ne wanda za a ɗora masa a gaba ranar fareti, kuma in ka buga masa takarda maɓallin yana danne, zai busa daidai yadda ya gani amma ya saɓa wa kowa. Ba na son sunan da zai sa ya raina takardarsa.

Daga Njamena: Mu dai a ƙungiyarmu "amon konser" muke cewa, kowa yana ganewa.

Yaya, a nan akwai ruɗani. Concert pitch yana da ma'ana ta biyu, wato La mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa da ake daidaita kayan kiɗa da ita kafin a fara. In muka ari kalmar, mun aro har da ruɗanin, ga shi kuma fanfar ɗinmu a coci da filin fareti da gidan biki take busa, ba a konser ba.

Wani dattijo daga Ngaundere: Yarana, mai algaita a ƙofar Lamiɗo bai taɓa ganin takarda ba. Abu biyu ya sani, inda yatsa ke sauka da abin da kunne ke ji. Ku ce "rubutun yatsu" da "rubutun kunne".

Baba, Allah ya ƙara girma, wannan ya zauna. Abin da ya fi burge ni shi ne bai fifita ɗaya a kan ɗaya ba, kuma ya faɗi mai kowace takarda: ta yatsu ta mabushi ce, ta kunne ta mai shirya kiɗa. Maɓallin zan rubuta masa "Nuna rubutun kunne". Gargaɗin ma ya zo da sauƙi: kafin ka buga wa mabusa takardu, koma rubutun yatsu.

Saura sunan irin waɗannan kayan busa da amonsu ya bambanta da abin da ke takarda, wato instruments transpositeurs a Faransanci. Wani ya turo min "masu gocewa", amma gocewa kuskure ne, su kuwa ba kuskure suke yi ba. Na rubuta "masu sauya amo" da fensir tukuna. Malaman Marwa, ku gwada shi a kan ɗalibanku wannan makon ku faɗa mana yadda suka fahimce shi.