Yadda muka ci karo da "proseuke proseuksato" a Yakubu 5:17

Ɗalibin tauhidi:
'Yan'uwa, malaminmu na Helenanci ya ba mu wannan ayar mu fassara, wadda ta ce annabi Iliya ya roƙa kada a yi ruwa, kuma kalmomi biyu suka tsayar da ajin gaba ɗaya, domin in aka bi su kalma da kalma, cewa suka yi Iliya "da addu'a ya yi addu'a." Kalmar farko suna ce, wato "addu'a", a sigar datif, mai amsa tambayar "da me?", aikatau kuma daga tushe guda ya fito. Ina roƙon waɗanda suka koyar ko suka yi wa'azi a kan wurin su faɗa mana yadda suka yi da shi.

Malamin makarantar Littafi Mai Tsarki:
Ɗana, salon Ibrananci ne, inda ake maimaita aikatau domin ƙarfafawa, masu fassarar Septuajinta, wato Tsohon Alkawari na Helenanci, kuma suka shigar da shi Helenanci, kamar a Farawa 2:17, "da mutuwa za ku mutu." Ina aika ɗalibaina su duba Luka 22:15 da Yahaya 3:29, inda marmari da farin ciki suka zo haka. Amma abin da ya fi buɗe musu ido shi ne lokacin da na rubuta a allo, "sun kama shi mugun kamu." Nan take suka gane cewa bakinsu ya riga ya saba da wannan ginin, wanda ya yi nahawun Larabci a cikinsu kuma ya ce ai maf'ulul muɗlaƙ ne.

Fasto mai ritaya:
Malam, na yarda da nahawun, sai dai ina jan kunnen matasan masu wa'azi. Na sha jin an ɗauki "da naciya", yadda ake fassara kalmomin nan biyu, an mai da shi ɗaga murya har amsa-kuwwa ta riƙa ƙara, alhali ayar ta fara da cewa Iliya mutum ne kamarmu. Akwai masanan da ke ganin maimaicin nuni ne kawai cewa addu'a ita ce abin da ya yi, ba wata dabara ba, ni ma can na fi karkata. A 1 Sarakuna 18:42-43, a kan dutsen Karmel, sa'ad da Iliya yake jiran dawowar ruwa, sunkuyawa ya yi ya sa fuskarsa tsakanin gwiwoyinsa, yana aiken baransa ya dubo wajen teku har sau 7.

Malamar zumuntar mata:
Baba, da na karanta wa mata wurin a lokacin da damina ta yi jinkiri, ba su tambayi nahawu ba. Tambayarsu ita ce ta yaya annabi zai roƙi a hana ruwa shekara 3 da wata 6, alhali akwai yara da gwauraye a ƙasar Sarki Ahab. Sai da muka koma 1 Sarakuna babi na 17, ga gwauruwar Zarefat da ɗan garin abincin da ya rage mata, kafin muka ci gaba da darasin.